Sifikar "Wat 5000" Da Mujallun Sauti Na Turawa: Me Ya Haɗa Su Da Mutumin Ƙaura, Shinkafi Da Zurmi?

Yau ba maganar wane jarumi ya saki sabon fim ko wace jaruma ta yi aure na zo da ita ba. Magana ce a kan abin da muke jin waƙoƙin da shi, da kuɗin da muke zubawa a kansa, da kuma dalilin da ya sa har yanzu ba mu da mai faɗa mana gaskiya kafin mu saya. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun, abin ne ya ci mini rai tun kafin Babbar Sallah.

Ana saura 'yan kwanaki Sallah na shiga kasuwa a Ƙaura Namoda na sayi sifika, irin mai taya ɗin nan da ake ja kamar akwatin tafiya, mai Bluetooth da wurin sa memori da makirfo guda biyu. Wata uku na yi ina tara kuɗinta. A jikin kwalin an rubuta da manyan haruffa: wat 5000. Mai shagon ya kunna mini ita, ƙasa ta ɗauki rawa, ya ce: "Ɗan'uwa, wagga in ka kunna ta Shinkafi sai an jiya ta Isa." Na yi dariya, na biya, na ɗora a mashin.

Da na iso gida na fara da waƙoƙin zamani, Hamisu Breaker da Umar M Shareef. Bas yana dukan ƙirji, yaran gida suna ta tsalle. Da dare ya yi babanmu ya ce in sa masa Narambaɗa. Nan fa asiri ya tonu. Kotso ya ɓace kamar an jefa shi rijiya, muryoyin 'yan amshi suka cakuɗe wuri guda, abin da ya rage sai gurnani a ƙasa da tsuwwa a sama. Tsoho ya saurara na ɗan lokaci, ya ce: "Kashe, ɗauko mini rediyona." Ƙaramar rediyonsa mai cin memori, wadda ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na kuɗin sifikata ba, ta fi ta fito da kalmomin waƙar.

Lissafin da dattijo ya yi mini

Bayan Sallah na kai ta wajen wani dattijo mai gyaran rediyo da amfilifaya a cikin gari, ina zaton wani abu ne ya lalace. Ya kwance bayanta, ya nuna mini batirin da ke ciki: bolt 12, amf 7. Ya ce: "Yaro, ka yi boko ko? Ninka 12 sau 7." Na ce 84, Baba. Ya ce to duk ƙarfin da ke cikin batirin nan ke nan, wat 84 na tsawon awa ɗaya. In da gaske tana jan wat 5000, cikin minti ɗaya batirin zai mutu murus. "Kai kuma ka ce tana yi maka awa huɗu. To wa ke ƙarya, kai ko kwali?"

Wallahi na rasa bakin magana. Ya nuna mini wasu ƙananan haruffa huɗu kusa da lambar, PMPO. Ya ce wannan awo ne da babu wata ƙa'ida da ta ɗaure shi, kowane kamfani yana rubuta abin da ya ga dama. Awon da ake dubawa shi ne wanda ake rubuta RMS a gefensa, wato ƙarfin da na'ura za ta iya riƙewa a kai a kai ba tare da sauti ya fashe ba. Sifikata ba ta lalace ba. Haka aka yi ta. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, ni dai matsalata ban san rariya na saya ba.

Na tambaye shi inda ya koyi wannan. Sai ya jawo wani tsohon kwali daga ƙarƙashin tebur, cike da mujallu na Turanci da suka yi ja saboda tsufa. What Hi-Fi? da Stereophile da Hi-Fi News. Ya ce wani maigidansa ne ya bar masa su shekaru da yawa da suka wuce. Na aro guda biyar, daga baya na gano cewa Stereophile tana sa yawancin sharhinta kyauta a intanet. Abin da na karanta a cikinsu shi ya haifar da wannan rubutu.

Su wane ne waɗannan mujallu?

A ƙasashen Turai da Amurka akwai mutanen da jin sauti mai kyau shi ne abin sha'awarsu, kamar yadda wasunmu suke da ƙwallo ko kiwon tantabara. Suna da mujallunsu tun da daɗewa. Hi-Fi News ta fara fitowa a Ingila a 1956. Stereophile ta fara a Amurka a 1962, wani mai suna J. Gordon Holt ya kafa ta. The Absolute Sound ta biyo baya a 1973 a hannun Harry Pearson, sai What Hi-Fi? a Ingila a 1976, wadda ta yi suna wajen ba kaya maki da taurari, daga ɗaya zuwa biyar.

Labarin Holt ne ya fi ɗaukar hankalina. Yana aiki a wata mujallar sauti, sai ya ga ba a iya faɗin aibin kaya saboda tsoron kamfanonin da ke ba da talla. Ya ajiye aikin ya buɗe tasa, kuma a shekarun farko ba ya karɓar tallan kamfanonin da ke ƙera kayan. Abin da ya tsaya a kai shi ne a kunna kaya, a saurara, a faɗi yadda suke a kunne. Daga baya, a zamanin editanta John Atkinson, mujallar ta haɗa biyu: mai sharhi ya saurara ya rubuta, sannan a ɗora kayan a kan na'urorin awo a buga sakamakon, ko ya dace da abin da kamfani ya rubuta ko bai dace ba.

Matsalar ƙaryar wat ɗin nan ma ba mu ne farkon shan ta ba. Ta yi yawa a Amurka har hukumar kula da kasuwanci ta ƙasar ta kafa doka a 1974 kan yadda za a rubuta ƙarfin amfilifaya a talla. Su sun magance ta shekara 50 da suka wuce. Mu kuma har yau ita ake sayar mana da kaya da ita.

Gaskiya, akwai abin dariya a ciki

Kada wani ya ɗauka na zama ɗan koren Turawa. In ka buɗe mujallun nan za ka ga sifika biyu da kuɗinsu ya haura dala 100,000. Za ka ga wayar haɗa sifika, waya kawai, da kuɗinta zai saya maka mota. Wasu masu sharhin suna rantsuwa sun ji bambanci tsakanin waya da waya, alhali in aka rufe musu ido aka gwada su sau da yawa ba sa iya bambancewa. Wannan rigima ce da ta daɗe a tsakaninsu. Sannan yau duk mujallun suna rayuwa ne da tallan kamfanoni, don haka da wuya ka ga an yi wa kaya kaca-kaca. Mai karatu sai ya sa hankalinsa.

Ga mutumin Zurmi da wutar NEPA ke yi wa kwanaki ba ta leƙo ba, wanda ke cajin waya a shagon mai sola, amfilifayar da ke shan wuta kamar dutsen guga ba ta da wani amfani gare shi. Ko kyauta aka ba shi, kaya ne. Don haka in ana maganar amfanin mujallun nan a wajenmu, ba kayan da suke tallatawa nake nufi ba. Ɗabi'ar da ke bayansu nake nufi: a gwada kafin a yaba, a sami kalmomin da za a bayyana sauti da su, kuma a sami wanda ke tsaye a ɓangaren mai saye.

Abubuwa huɗu da na tsinta

Na farko, ƙara daban, kyau daban. Kunnen ɗan Adam yana jin sauti daga mai kauri sosai zuwa mai siriri sosai, amma muryar mutum da yawancin kayan kiɗanmu a tsakiya suke zaune. Kotso, kalangu, kuntigi, gurmi, muryar mawaƙi da ta 'yan amshi, duk a nan suke. Sifikar da aka yi don ta burge ka a cikin hayaniyar kasuwa ana ƙara mata bas da siririn sama, a bar tsakiya a rame. Shi ya sa Narambaɗa ya ɓace a tawa. Kotso ganga ce da ake matsa tsarkiyarta sauti ya hau ya sauka, kamar tana magana. In sifika ba ta fito da wannan hawa da sauka ba, rabin waƙar ta tafi. Wani abin mamaki kuma, ninka wat sau biyu ba ya ninka ƙara sau biyu. Sai ka ninka ƙarfin wajen sau goma kafin kunne ya ji kamar ƙarar ta ninku.

Na biyu, abin da ka zuba shi za ka kwasa. Sifika mai tsada ba ta gyara waƙar da ta lalace tun daga memori. Faifan CD yana ɗauke da bayanai kilobit 1,411 a daƙiƙa. MP3 mai kyau 320 ne, na gama-gari 128. Ga hanya mai sauƙi ta ganewa: waƙar minti huɗu a 128 tana kai wajen MB 4, a 320 tana kusan MB 10. In ka ga waƙar minti huɗu ba ta kai MB 2 ba, an matse ta har ta fita hayyacinta. Tura waƙa ta Xender ko Bluetooth ba ya rage mata komai, kwafi ne kawai. Abin da ke kashe ta shi ne juyawa: a ciro ta daga bidiyon TikTok, a mayar MP3, wani ya sa a status ɗin WhatsApp, wani ya sake cirowa. Kowane juyi yana yankar wani abu da ba ya dawowa.

Na uku, ɗaki ma kayan sauti ne. Mujallun suna ɓata shafuka a kan inda za a ajiye sifika. Na gwada da tawa. Da na ciro ta daga lungun ɗaki, na ɗora ta a kan benci daidai tsayin kunne, na rage bas ɗin, gurnanin ya ragu sosai. Ɗakin siminti mai rufin kwano ba sili yana mayar da sauti yana dukan juna. Labule, katifa da darduma suna shanye wannan amsa-kuwwar. Ko sisi ban kashe ba.

Na huɗu, kuma shi ne ya fi ba ni tsoro, kunne ba shi da sifaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa sama da biliyan ɗaya na cikin haɗarin rasa ji saboda yadda suke sauraron sauti, kuma ta ba da ma'aunin desibel 80 na awa 40 a mako ga babba. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban sifikun DJ a wajen biki ya koma gida kunnensa yana ƙugi, ya san an wuce nan nesa. Wannan ƙugin gargaɗi ne. Ga masu kwana da iyafis a kunne, ku ma da ku nake.

Me ya sa maganar ta zama ta yanzu?

Saboda kuskure ya yi tsada. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. A 2024 ta haura 1,500. Yawancin sifika, iyafis, miksa da makirfo daga waje ake shigo da su, su sauka Legas ko Kano, su biyo ta Gusau kafin su iso mana, kowane zango da ribarsa da kuɗin motarsa. Da can in ka sayi marar kyau sai ka yi tsaki ka sake wata. Yanzu saurayin da ya haɗa jari ya sayi kayan DJ ko ya buɗe gidan kallo, in ya yi cinikin biri a sama, jarin ya tafi ke nan.

Sannan halin tsaro ya canza yadda muke jin waƙa. Kowa ya san yadda hanyar Ƙaura zuwa Shinkafi da ta Ƙaura zuwa Zurmi suka koma. Biki da yawa yanzu da rana ake yi a watse kafin magariba. Hirar dare ta ragu, mutane sun koma cikin gida. Waƙa da fim sun dawo cikin waya da ƙaramar sifika, su ne abokan zaman mutum in dare ya yi.

Ku tuna watan Satumbar 2021, lokacin da aka katse layukan waya a faɗin Zamfara, aka rufe kasuwannin mako, har da ta Shinkafi. Makonni muka yi babu YouTube, babu Audiomack, babu WhatsApp. Abin da ke cikin memorinka shi ne dukiyarka. A lokacin ne na gane cewa masu tura waƙa a bakin kasuwa da tasha su ne ainihin ma'ajiyar kiɗanmu a wannan yanki. Abin da ke cikin kwamfutocinsu shi yaranmu za su gada. To a wane hali yake?

Wannan ƙasa ce ta makaɗa. Narambaɗa na Sarkin Gobir na Isa, maƙwabcin Shinkafi. Kassu Zurmi na 'yan tauri da mafarauta. Sa'idu Faru, Musa Ɗanƙwairo, Sani Sabulu na Kanoma. Yawancin abin da muke ji nasu a yau ya taso ne daga faifan garmaho ko tef ɗin gidan rediyo, ya koma kaset, kaset ya haifi kaset, sannan wani ya juya shi zuwa MP3, wani lokaci ma ta hanyar kara waya a bakin rikoda. Yaro ɗan shekara 18 in ya ji wannan shuuu ɗin sai ya ce waƙar da ba ta da daɗi. Bai san kwafi na goma yake ji ba. Mujallun Turawa suna da shafuka na musamman da ke kwatanta fitowar tsohuwar waƙa ɗaya da wata, su ce wannan an ɗauko ta daga tef na asali, waccan kuma an lalata ta. Mu babu mai ce mana ga kwafin Ɗanƙwairo mafi tsabta, ku riƙe shi da kyau.

Ina 'yan jaridarmu?

Ba a ce ba mu da tarihin rubutu a kan nishaɗi ba. Mujallar Fim ta Ibrahim Sheme tana nan tun 1999, kuma ta yi wa masana'antar Kannywood hidimar da ba za a manta ba. Ga shafuka irin wannan, ga masu sharhi a Facebook da YouTube. Amma ku duba abin da muke tattaunawa: labari, jarumai, baitoci, rigingimu. Yaushe rabon da ku ga an ce fim kaza labarinsa ya yi kyau amma ba a jin maganar 'yan wasa sai an ƙure murya, in kiɗa ya shigo kuma sai ya fasa kunne? Yaushe aka ce waƙa kaza an danne ta da ƙara har muryar mawaƙin ta fashe?

Tun da fiyano ta Yamaha ta karɓe kiɗan fim a situdiyoyin Kano, daga baya kwamfuta ta karɓe daga hannunta, aikin mai haɗa sauti ya zama rabin waƙa. Duk da haka sunansa sai dai a ji mawaƙi ya ambata a farkon waƙa, shi ke nan. Wanda ya ƙware ba a yaba masa, wanda ya yi aikin gaggawa ba a yi masa gyara. Da yawa suna ƙure ƙarar waƙa don ta fi ta wani tashi a waya, alhali YouTube da Spotify suna rage ƙarar duk waƙar da ta wuce ma'auninsu. Ƙarar ta tafi, fashewar ta zauna. In masu sauraro ba su da bakin da za su nemi abu mai kyau, situdiyo ba ta da dalilin ɓata lokaci a kansa.

Abin da nake ganin za mu iya

Ba sai mun buga mujalla mai sheƙi ba, ba mu da kuɗin, ba mu da masu saye. Amma shafi irin wannan zai iya ware fili sau ɗaya a wata. A ɗauki sifika uku ko iyafis uku da ake samu a kasuwar Ƙaura ko Gusau, a gwada su da waƙoƙi iri ɗaya, a faɗi awa nawa batir ya yi da gaske, a buɗe baya a ga abin da ke ciki. Muna da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a nan Ƙaura Namoda, ɗaliban lantarki suna da mita kuma sun iya aiki da ita. Muna da masu gyara irin dattijon nan da suka san cikin kowace sifika fiye da mai sayar da ita. Sharaɗi ɗaya ne: duk wanda aka ba kaya kyauta ko aka biya shi, ya faɗa a fili. In ba haka ba mun koma 'yan talla.

Kafin nan, ga abin da nake yi yanzu in zan sayi kayan sauti, kuma ina ba ku shawarar ku gwada. Ina zuwa da memorina, ba na yarda da waƙar mai shago. Waƙa uku nake sawa: ta gargajiya mai kotso ko kalangu, ta zamani mai bas, da karatu ko hira da murya zalla. Ina sa a rage ƙarar zuwa yadda zan ji a ɗaki, don kowace sifika jaruma ce in an ƙure ta. Ina sauraron ko ina gane kowace kalma. Ina neman RMS a jikin kwali, in babu sai PMPO, na san lambar ado ce. Ina tambayar girman batir da ko ana samun irinsa in ya mutu. An ce gani ya kori ji, amma a wannan ciniki kunnenka ne alƙali.

Sifikata tana nan, ban sayar ba, don ba zan cuci wani yadda aka cuce ni ba. Yara suna rawa da ita, ana ɗaukar ta walima. Babanmu kuma yana nan da rediyonsa. Mujallun na mayar wa dattijo, ya ce in dawo in ɗauki wasu biyar.

Yanzu saura ku. Wace sifika ko iyafis kuka saya kuka ji daɗinta, wace ce kuma ta ba ku kunya? Masu DJ da masu gidan kallo na Shinkafi da Zurmi, ku faɗa mana abin da ya jure zafi da ƙura da wutar janareta. In kuma akwai wanda ke da tsohon kaset na Kassu Zurmi ko Narambaɗa mai sauti garau a gidansu, don Allah kada a jefar, a yi mana magana a ƙasa. In an samu masu sha'awa, wata mai zuwa in Allah ya kai mu za mu fara da gwajin ƙananan sifikun Bluetooth guda uku.